Kyamara na neman cinye min digiri: in ajiye ta ne?

Ɗan Aji Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina laɓe ina karanta abin da kuke rubutawa, yau dai tura ta kai bango. Ina aji biyu a jami'a, sashen fiziks. Bara wani abokina ya ja ni kallon atisayen ƙungiyar rawa ta makaranta, ya ce in riƙe masa kyamara zai amsa waya. Wata ta yi tsalle, na danna, hoton ya fito tana rataye a iska kamar an ɗaure ta da zare. Sa'a ce kawai, yanzu na gane. Amma tun daga ranar zuciyata ba ta sake zama wuri ɗaya ba. Na tara kuɗi na sayi kyamara ta hannu, yanzu kwana uku a mako ina wurin atisaye. Kowane dare ina dawowa da hoto 1,500 zuwa 1,800, in zauna tantancewa har biyu ko ukun dare. Laccar ƙarfe takwas kuwa sai dai in ji labari. Sakamako ya fito, na faɗi kwas ɗaya, makina ya yi ƙasa. Babana bai sani ba tukuna. Abin da ya fi ci min rai shi ne, cikin tulin hotunan nan da ƙyar nake samun goma na nunawa. Sauran ko dishi-dishi, ko na yanke ƙafa, ko na makara mutum ya riga ya sauko. Ba tsuntsu ba tarko ke nan. In ajiye kyamarar ne har in gama?

Yaya Babba:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ba ajiyewa za ka yi ba, sayarwa za ka yi. In ka ajiye ta a akwati, mako biyu za ka ji tana kiranka. Ba a tauna taura biyu. An tura ka karatu ne, kuma wanda ya tura ka yana can yana zaton kana cikin littafi. Rawa ba za ta ƙare a duniya ba kafin ka gama. Ni na zauna ɗaki ɗaya da wani mai irin ciwonka, shi kiɗa ne ya ɗauke shi, muka fita muka bar shi yana maimaita aji uku.

Sabuwar Shiga:
Haba Yaya, daga kwas ɗaya sai a sayar da kyamara? Wasu ma ba su da kyamara ba su da komai, kuma suna faɗuwa uku-uku.

Yaya Babba:
Da ɗaya ake farawa, ƙanwata.

Tsohon Hannu:
Ku dakata da hukunci tukuna. Yaro, ni lambar nan ce ta tsaya min a wuya: 1,800 a dare ɗaya. Wane gilashi ke kan kyamarar, kuma a wane saiti kake ɗauka?

Ɗan Aji Biyu:
Baba, gilashin da ta zo da shi ne, 18-55, wato mai zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55. Ina barin ta ta zaɓi saiti da kanta, sai in danne maɓalli tana harbi a jere, kusan hoto goma a daƙiƙa. Tunanina ko ɗaya zai dace.

Tsohon Hannu:
To ga ɓarawon lokacinka nan, ba rawa ba ce. Mu yi lissafi, tunda ɗan fiziks ne kai. Hoto 1,800, ka ba kowanne daƙiƙa biyar na kallo, daƙiƙa 9,000 ke nan, awa biyu da rabi. Sau uku a mako, awa bakwai da rabi, kuma ba ka fara tacewa ba, shara kawai kake kwashewa. Atisayen da kansa awa nawa ne? Bai kai haka ba. Wato abin da ke hana ka barci ba hotunan da kake so ba ne, waɗanda za ka goge ne.

Lokacin da na fara wannan sana'a, fim ɗaya hoto 36 ne. In ka ƙarar da shi a rawar farko, sauran daren kallo za ka yi kamar kowa. Dole ta sa muka koyi jira. Ba cewa nake zamaninmu ya fi naku ba, ni ma yanzu memori nake sa wa kyamarata kuma ba zan koma fim ba ko da kuɗi. Amma tsadar fim ta koya mana abin da arhar memori ta hana ku koyo.

Dishi-dishin kuma ga dalilinsa. Ɗakin atisaye ba shi da wadataccen haske. In ka bar kyamara ta zaɓa wa kanta, za ta rage saurin ƙiftawa zuwa 1/30 na daƙiƙa ko makamancin haka don ta tara haske, mai rawa kuwa ba zai tsaya jiranta ba. Tsalle yana son 1/500, juyi mai sauri wani lokaci har 1/1000. Gilashin naka in ka zuƙo shi zuwa 55, ƙofar haskensa f/5.6 ce. Ɗan ƙaramin gilashin nan na 50mm mai f/1.8 yana shigo da haske kusan ninki goma a kan haka, kuma yana cikin mafi sauƙin samu a gilasan kowane kamfani. Ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 3200, ko 6400 in ta kama, kada ka ji tsoron ɗigo-ɗigon nan mai kama da yashi. Hoto mai yashi da ya kama motsi ana iya gyara shi, wanda ya narke kuwa sai kwandon shara.

Malamar Fiziks:
Ɗalibi, wata tambaya. Wane kwas ne ka faɗi?

Ɗan Aji Biyu:
Malama, kunya nake ji. Makaniks ne, kwas ɗin motsin abubuwa.

Malamar Fiziks:
Wallahi sai da na ajiye wayar na yi dariya. Ka bar ajin da ake koyar da tsalle ka tafi neman tsalle a wani wuri! Zo mu yi darasin da ka yi barci a cikinsa.

Mai rawa ya ɗaga tsakiyar nauyin jikinsa santimita 40. Lokacin hawa shi ne tushen 2h bisa g, inda h ke nufin tsawon tsallen, g kuma jan ƙasa, wato kusan daƙiƙa 0.29. Hawa da sauka, 0.57. Duk abin da kake farauta bai kai kashi shida cikin goma na daƙiƙa ba. Ga inda abin yake da daɗi: a can ƙololuwa, gudunsa na sama ko ƙasa sifili ne. Kuma rabin lokacin da yake a iska, a kashi ɗaya bisa huɗu na saman tsallen yake yin sa. Ka lissafa da kanka ka gani, faɗowar rubu'in tsawo tana cin rabin lokacin faɗowar duka. Shi ya sa ido ke ganin kamar ya rataye. Hotonka na farko da ka kira sa'a, a wannan gurbin ka faɗa.

Sai dai hannu da ƙafa ba sa tsayawa tare da jiki. In tafin hannu na tafiyar mita 5 a daƙiƙa, a 1/30 zai share kusan santimita 17 kafin kyamara ta rufe ido. A 1/500, santimita ɗaya. Abin da Baba ya faɗa maka ke nan a lambobi.

Harbi a jere kuma ba ya ba ka abin da kake zato. Hoto goma a daƙiƙa, kowanne 1/500, jimilla 1/50 na daƙiƙar ka kama. Kashi 2 cikin ɗari. Sauran 98 sun wuce kyamara na rufe. Sannan tsakanin idonka ya gani da yatsanka ya danna, ɗan Adam na cin wajen rubu'in daƙiƙa. In ka ga ƙololuwar tsallen da idonka kafin ka danna, ka riga ka makara. Dole ka danna yana kan hawa, kuma ba za ka iya ba sai ka san zai yi tsallen tun kafin ya yi.

Sabuwar Shiga:
Malama da haka ake koyar da fiziks da ban gudu zuwa sashen tarihi ba.

'Yar Rawa:
Bari in sa baki, tunda mu ake ɗauka. Shekara shida ina rawa, kuma masu kyamara irinka sun sha ba ni haushi, ka yi haƙuri da faɗar gaskiya. Mutum zai zo ya tsaya yana tatatata tun daga farko har ƙarshe, washegari ka ga ya watsa hotonka baki a buɗe, ƙafa a lanƙwashe tana hanyar miƙewa. Shi a wurinsa hoto ya yi kyau saboda haske ya zauna. Ni a wurina ya nuna wa duniya ban iya ba. Motsin da na yi wata uku ina gyarawa, ya kama shi rabin hanya.

Sanin da Malama ke magana a kai ba gaibu ba ne. Mu da ƙirga muke aiki, yawanci takwas-takwas. In ka zauna kusa za ka ji mai koyarwa na cewa biyar, shida, bakwai, takwas. Tsallen da kake nema yana da mazauni a cikin ƙirgar nan, kuma gobe ma a nan zai zo, jibi ma haka. Ka zo atisaye biyu ba tare da ka cire murfin gilashi ba. Ka zauna da takarda ka rubuta: a rawa ta biyu, bayan an juya baya, a kan biyar ake tashi. Ranar da za ka ɗauka kunnenka ne zai danna, ba idonka ba.

Abu biyu kuma. Kada ka kunna filasha ana tsakiyar rawa sai an shirya da kai, mutum na juyi ka haske masa ido, faɗuwa zai yi. Sannan kafin ka sa hoton kowa a Instagram, nuna masa. Ba alfarma ba ce, jikinsa ne.

Ɗan Aji Biyu:
Anti, wannan ta shige ni. Akwai wadda ta daina gaishe ni tun da na sa wani hotonta, sai yanzu na gane dalili.

'Yar Rawa:
Je ka cire shi, ka ba ta haƙuri, sannan ka tambaye ta a kan ƙirga ta nawa ya kamata ka danna. Za ka sha mamakin yadda za ta buɗe maka baki.

Yaya Babba:
Ikon Allah. Yaro ya zo yana kuka karatu ya lalace, kun taru kuna koya masa yadda zai ƙara nutsewa. Har da ce masa ya sayi sabon gilashi! Malama, ke da ya kamata ki ja kunnensa, ke ce ma kike ƙara masa gishiri. Gobe in an kore shi, f/1.8 ɗin ce za ta yi wa mahaifinsa bayani?

Malamar Fiziks:
Yaya, ban ce ya kyauta ba. Bai kyauta ba, kuma zan zo kan wannan. Amma na shekara ina koyarwa, na ga ɗaliban da aka raba da abin da suke so. Awannin da aka ƙwato ba sa komawa littafi, waya suke komawa. Wanda aka ce wa ga awa huɗu a mako, naka ne, ka kare su da makinka, shi na fi ganin yana tashi.

Tsohon Hannu:
Kuma ba yau aka fara haɗa biyun ba. Gjon Mili, haifaffen Albaniya, injiniyan lantarki ya karanta a MIT ta Amurka, ya gama a 1927, ya yi shekaru yana binciken fitilu a kamfanin Westinghouse. Da fitilar walƙiya irin wadda Harold Edgerton ya inganta a jami'ar nan, ya riƙa kama motsin mai rawa kashi-kashi a cikin hoto guda, mujallar Life na bugawa tun daga 1939. Ba don karatun lantarkin ba, da bai san yadda zai sarrafa hasken ba. Lois Greenfield kuma ilimin al'ummomi ta karanta a jami'ar Brandeis, ta gama a 1970, sannan ta yi kimanin shekara ashirin tana ɗaukar rawa wa jaridar Village Voice ta New York. An san ta da hotunan mutane a iska, kuma ɗaya-ɗaya take dannawa, ba harbi a jere ba. Kyamarar Hasselblad da ta yi suna da ita, fim ɗinta hoto 12 ne kacal.

Yaya Babba:
Na gode Baba, ka yi min aiki. Ka ce ya gama a 1927. Ka ce ta gama a 1970. Gamawa. Kalmar da nake nema ke nan tun ɗazu.

Tsohon Hannu:
Ka kama ni, ban musa ba. Amma ba wanda ya ce sun sayar da kyamara kafin su gama.

Mai Son Hazo:
Ni fa ina da ja a kan wani abu daban. Kowa na ta 1/500, 1/1000, kamar daskarar da mutum ne kaɗai hoton rawa. Rawa motsi ce. In ka tsayar da ita cak, wani lokaci gunki ka ɗauka. Alexey Brodovitch, wanda ya daɗe yana tsara shafukan mujallar Harper's Bazaar, ya fitar da littafin hotunan rawar bale a 1945, kusan dukansu dishi-dishi, masu rawa kamar hayaƙi, daga bayan labule ya ɗauke su da hasken da ya tarar. Yau ana lissafa shi cikin manyan littattafan hoto. Ɗan'uwa, kada ka goge duk masu hazon nan, wataƙila akwai zinariya a ciki.

Tsohon Hannu:
Akwai bambanci tsakanin wanda ya zaɓi hazo da wanda hazo ya zaɓe shi. In yana so, ya sa 1/15 da gangan, ya bi mai rawa da kyamara yadda fuska za ta ɗan zauna, tufafi su narke. Wannan aiki ne. Amma ka ce ya koma ya tono zinariya cikin hoto dubu goma, ka ƙara masa wani kwas ɗin da zai faɗi.

Mai Son Hazo:
To na janye rabin maganata. Rabi kawai.

Sabuwar Shiga:
Tunda ana ruwa bari in tara. Ni da na ɗauki wani wasa a dandamali, hotunan suka fito da ratsi-ratsi a kwance, wani wuri haske wani wuri duhu. Kyamarar ce ta lalace?

Tsohon Hannu:
Lafiyarta ƙalau, 'yata. Fitilun LED ne, suna kunnuwa suna mutuwa da saurin da ido ba ya gani. In kina kan saitin shiru, kyamara na karanta hoton layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sai wani layin ya dace da haske wani ya dace da duhu. Ki koma ƙiftawa mai ƙara, in kyamararki na da saitin hana ɓarin haske ki kunna, ki kuma gwada sauri biyu ko uku kafin a fara ki ga wanda ya fi tsabta. Ki ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta tace ba, don jan haske da shuɗi na dandamali suna ɓata launin fata, a RAW ne kawai za ki iya ceto shi sosai.

Malamar Fiziks:
Na yi alkawarin dawowa kan ɗalibi. Ga jan kunnen. Kwas ɗin da ka faɗi ba zai tafi ko'ina ba, zai hau kan na zango mai zuwa, nauyi biyu a kai ɗaya. Kwana uku a mako ya yi yawa, ko da hoto goma kake dawowa da shi. Ka mayar da shi ɗaya, kuma ranar da washegarinta ba ka da laccar safe. Mako uku kafin jarrabawa kyamara ta shiga jaka. Sannan ka gaya wa mahaifinka da bakinka kafin takarda ta gaya masa. Ka je masa da sakamakon a hannu ɗaya, tsarin gyara a ɗaya hannun. Faɗa zai yi, ka sunkuyar da kai ka sha.

Yaya Babba:
Yauwa. Yanzu Malama ta yi magana.

Tsohon Hannu:
Ni kuma ga nawa sharaɗin. Ka kashe harbi a jere. Hoto 72 a dare, fim biyu ke nan a lissafinmu na da, in sun cika ka rufe gilashi. Barbara Morgan da ta ɗauki shahararriyar mai rawa Martha Graham tun daga tsakiyar shekarun 1930, kallon rawar take yi ta sake kallo, sai ta zaɓi motsin da ya ɗauke ma'anar rawar gaba ɗaya, sannan su shiga ɗakin hoto su nemo shi shi kaɗai. Malick Sidibé na Bamako kuwa, da ya bi dararen rawar matasa a shekarun 1960, shahararren hotonsa na 1963 ba tsalle a ciki ko ɗaya. Matasa biyu ne, namiji da mace, ita ba takalmi, kawunansu sun kusa haɗuwa, kowa na kallon ƙafafu. A 2007 aka ba shi Zakin Zinariya na bikin fasaha na Venice. Ka daina ganin sai an tashi sama ake hoto. Ka kuma durƙusa ƙasa in za ka ɗauki tsalle, ka bar fili a ƙarƙashin ƙafa, daga tsaye tsallen rabin mita kamar taki yake fitowa.

Shugaban Zaure:
Jama'a, wanda zai turo hoto ya tabbatar masu rawar sun yarda, kamar yadda aka faɗa a sama. Na cire guda biyu ɗazu.

Ɗan Aji Biyu:
Assalamu alaikum, na dawo bayan mako biyar. Na gaya wa babana. Ya yi shiru har na fara fatan da faɗa ya yi, sannan ya ce in kawo kyamarar. Ya juya ta, ya mayar min, ya ce sakamako na gaba ne zai yanke ko tawa ce ko tasa. Atisaye biyu na zauna da takarda kamar yadda Anti ta ce, har mai koyarwa ya tambaye ni ko kyamarar ta lalace. Daren farko da na ɗauka na kasa tsayawa a 72, na kai 110, hannu ya saba. Na biyu 68, kuma minti ashirin na gama tantancewa, har na rasa abin yi da sauran daren. Tara na ajiye. Gilashin 50 ɗin aro na samu wurin abokin nan da ya ja ni tun farko. Malama, lissafin rubu'in tsawo ya fito daidai, na yi shi a bayan takardar ƙirgar rawa. Gwajin makaniks na farko na ci 14 cikin 20.

Matsala ɗaya: babban wasan ƙungiyar ya faɗo daren jajibirin jarrabawata ta farko. Na ce musu ba zan zo ba. Akwai cikakken atisaye da kayan wasa da fitilu mako uku da kwana biyu kafin nan, shi zan ɗauka. Ga uku daga cikin taran, da izinin masu su.

Yaya Babba:
14 cikin 20 ba abin kiɗa ba ne, ina sauran shidan? Amma na biyun nan ya yi kyau, ban san me ya sa ba. Mako uku da kwana biyu, ina lissafe da kai.

Mai Son Hazo:
Ko ɗaya ba mai hazo. An ɓata yaro.

'Yar Rawa:
Na ɗaya da na biyu sun zauna. Na ukun ka yi gaggawa kaɗan, dubi hannunta na hagu, bai gama buɗewa ba, a kan huɗu da rabi ka danna. Ita ta yarda ne don kunyarka take ji. Cire shi, ranar cikakken atisayen ka jira biyar ɗin.